A Ƙirga Benci Kafin a Ce "Makarantarmu Tana da Kyau"

Ba ɗan aji uku takarda ka ce ya rubuta bayani a kan makarantarsu, abin da zai kawo maka ba ya wuce layi uku: makarantarmu tana da kyau, malamanmu suna da kirki, ina son makarantarmu. Goge sunansa ka sa na wani yaro a Sakkwato ko Gombe, babu abin da zai canza. Wanda ya karanta bai ƙaru da komai ba.

Mu 'yan jami'a idan mun dawo hutu mukan tara ƙannenmu na unguwa a zaure bayan la'asar, mu yi musu darasi. A wannan karon mun zaɓi koya musu rubutun bayani, wato rubutun da ke sanar da mai karatu abu kamar yadda yake. Mun zaɓi makaranta domin ita ce wurin da yaro zai iya zuwa da ƙafarsa ya duba, ya ƙirga, ya tambaya. Gani ya kori ji.

Doka ɗaya muka kafa: kalmar "kyau" da kalmar "daɗi" sun tafi hutu. Sannan muka ba kowa tambayoyi ya tafi da su. Ajujuwa nawa ne? Benci nawa ne a ajinku, ku kuma ku nawa ne? Ƙarfe nawa ake kaɗa ƙararrawar shiga aji, ƙarfe nawa ake fita tara? Rijiya kuke sha ko famfo? Wace shekara aka buɗe makarantar? Wannan ta ƙarshe sai an gaishe da hedimasta ko baba maigadi kafin a samu amsarta.

Da suka dawo, muka shata gida uku a ƙasa. Na farko, abin da na gani da idona. Na biyu, abin da na tambaya aka faɗa mini. Na uku, abin da nake ji a raina. Kowace jimla sai an nema mata gidanta. Nan aka yi ta gardama. Wani ya ce malamin lissafi ya fi kowa faɗa, sauran suka ce wannan na gida na uku ne, tunda shi ne ba ya yin aikin gida. Abin da ke gida na ɗaya da na biyu kaɗai muka yarda ya shiga rubutun, kuma na biyun sai an faɗi wanda ya ba da labarin.

Daga nan sai tsari. Jimlar farko ta faɗi sunan makaranta da inda take. Kowane sakin layi magana ɗaya: gine-gine, mutane, yadda rana ke tafiya, sai tarihi. A ƙasa a zana taswira a rubuta sunan kowane wuri. Da Hausa suka fara, domin yaro ya fi tsara tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi. Jarrabawar ƙarshe kuwa a hannun kaka take: a karanta mata, idan ta iya faɗin inda ofishin hedimasta yake, rubutu ya yi.

Wata ƙanwarmu ta rubuta: "Ajinmu yana da benci 12, mu kuma mu 54 ne." Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi ƙorafi ba. Mahaifinta ya ninke takardar ya tafi da ita taron iyaye da malamai, kuma babu wanda ya iya musanta ta. Wani yaron ya gano an buɗe makarantarsu a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Sai muka gaya musu cewa a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, kuma Kwalejin Barewa, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a Katsina aka kafa ta a 1921 kafin daga baya ta zauna a Zariya. Mun san haka ne saboda wasu sun rubuta sun ajiye.

Ƙannenmu 'yan sakandare, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Takarda, fensir da ƙane ɗaya sun isa. Ku ma za ku amfana, domin insha'in bayani da rahoto da WAEC da NECO ke tambaya haka ake gina su. Kuma yaron da ya saba tambayar kansa "gani na yi ko ji na yi?" da wuya gobe ya yaɗa jita-jita a waya. Ku gwada a hutun nan.