Mai hoto a Abzin da Yamai

Wani mai ɗaukar hoto ya hau motar Agadas, ya shiga duwatsun Abzin. Dutsen Bagzan ya fi mita 2,000 tsawo. Tun asuba yake fita, don in rana ta take, dutse fari fat yake fitowa cikin hoto. A Timiya ya ɗauki garake, da raƙumi mai jan ruwan rijiya. Dutse dai ba ya gardama.

Da ya sauka Yamai, ya shiga gidan tarihi na ƙasa, inda yara ke kallon zaki da dorina. Nan aiki ya yi wuya. Wata tsohuwa mai saida gujiya ta rufe fuskarta. Da gaskiyarta, ba a tambaye ta ba. Ya sauke kyamara, ya ce: "Inna, a ɗauka?" Ta ce a'a. Ya sayi gujiya, ya wuce wurin dorina.