Zuwa ga Ummina, kan maganar karkanda

Kuala Lumpur, Malesiya

Ummina,

Na ji saƙon muryarki, kina tambaya ko akwai karkanda a ƙasar nan, tunda malamarku ta ba ku aiki a kanta. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

A da akwai ta. Karkandar nan ƙarama ce, mai gashi a jiki da ƙaho biyu, tana zaune can cikin kurmi. Aka sare kurmin, aka yi ta farautarta saboda ƙahon, har ta kai waɗanda suka rage sun warwatse, mace ba ta haɗuwa da namiji. A 2003 wasu biyar da ake kiwo a Sungai Dusun, nan cikin jihar Selangor, ciwo ya kashe su cikin 'yan makonni. Namiji na ƙarshe, Tam, ya mutu a watan Mayun 2019 a Tabin, jihar Sabah. A watan Nuwamba mace ta ƙarshe, Iman, ta bi shi bayan ta sha fama da ciwon daji. Shi ke nan. Masana sun adana ƙwayoyin halittarsu, suna fatan wata rana su yi amfani, amma wadda yaran birnin nan ke kallo yau a gidan namun daji na Zoo Negara baƙuwa ce, 'yar Afirka.

Abin da ya fi damuna, Ummi, mu ma hakan ta same mu, kuma ba a cika faɗa muku ba. Baƙar karkanda ta yi kiwo a dazukan arewa maso gabashin Najeriya da Chadi da Kamaru. A 2006 aka karaɗe arewacin Kamaru ana nemanta, ba a ga ko ɗaya ba. A 2011 aka bayyana cewa irin ta yankinmu ta ƙare a duniya. Duk a kan ƙahon da shi da farcenki abu ɗaya ne.

Chadi ta yi ƙoƙarin da ya burge ni. A watan Mayun 2018 aka ɗauko baƙaƙen karkanda shida a jirgin sama daga Afirka ta Kudu zuwa gandun dajin Zakouma, bayan shekaru sama da arba'in babu ita a ƙasar. Kafin shekarar ta ƙare huɗu sun mutu. Ba harbin su aka yi ba, masu gadi suna tsaye a kansu dare da rana. Ganyen sabon dajin ne bai riƙe su ba, suka rame. Mata biyu suka jure. Masu aikin ba su karaya ba, suka koma suka binciki abincin, a watan Disambar 2023 aka ƙaro biyar. Kin ga wahalar maido da abin da aka bari ya tafi.

Akwai abin da ake yi a Zakouma da nake ganin ya fi jirgin muhimmanci: ana kwaso 'yan makaranta daga ƙauyukan kewaye a kai su cikin dajin, su ga giwa da ɓauna da idonsu. Yaron da ya taɓa tsayawa shiru yana kallon garken giwa, da wuya a ba shi kuɗi gobe ya nuna wa maharbi hanya.

Ki faɗa wa malamarku labarin raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai, shi ma. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Manoman wurin suka haƙura da zama da su, har suka haura 600, aka kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018.

In Allah ya dawo da ni lokacin hutu, za mu je Yankari, akwai sauran giwaye. Ki tambayo mini ko makaranta za ta bari mu ɗauki ƙawayenki biyu ko uku. Ki zana mini karkandar ki turo, kada ki manta ƙaho biyu ne.

Ki gaida Hajiya, ki ce ina neman addu'a. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Abba