Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Biyar

'Yar uwa, in kin taɓa rakiyar maniyyaciya zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, kin san irin kukan da ake sha wajen sallama. To, ko kin san nisan Kano da Jidda? Kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe. In hanya a buɗe take, jirgi kan ratsa saman Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya cikin kamar awa biyar. A 2023 kuwa, da yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, sai da jirage suka riƙa zagaye.

Allah sarki kakanninmu! Wannan hanyar fa a ƙafa suka bi ta, da jaki da raƙumi, ana yada zango a yi noma ko ƙwadago don neman guzuri. Amarya sai ta bar gida da lallenta, ba za ta ga tashar Suwakin ba sai da goyo, ga wani riƙe a hannu. Wasu ma Sudan ta riƙe su, har yau jikokinsu na Maiwurno suna jin Hausa.

Don haka ki share hawayenki, Hajiyarku yau za ta kwana a ƙasa mai tsarki. Allah Ya kira mu, amin.