Hazon Da Ya Tare Masu Neman Ɓoyayyen Abu

Ina yaro a Potiskum, marigayi mahaifina yakan ja ni bayan gari duban jinjirin wata. Wata shekara hazo ya turnuƙe yamma, sai wani maƙwabcinmu ya rantse ya gani. Mahaifina ya ce, "Malam, a yi hattara, gari guda ne zai ɗauki azumi a kan maganarka." Ashe ɗan sillin gajimare ne.

Wannan magana ce ta faɗo mini a rai da na karanta halin da masana kimiyya suke ciki. A lissafinsu, wajen kashi 85 cikin 100 na abin da ke da nauyi a sararin samaniya ba ya ganuwa, sai dai a gane shi ta yadda yake jan taurari. Domin su kama wannan ɓoyayyen abu, suka gangara ƙarƙashin ƙasa, suka cika tankuna da ruwan sinadarin zenon, suna jiran ranar da ƙwayarsa za ta bugi ƙwayar zenon ta yi ɗan walƙiya. Akwai irin wannan tanki a dutsen Gran Sasso na Italiya, da Jinping ta ƙasar Sin, da kuma tsohon ramin zinariya na Homestake a Amurka, mai zurfin kusan mil guda.

To, dutse yana tare mafi yawan hayaniya, amma ban da niyutirino, watau wasu ƙwayoyi da rana take fesowa. Kimanin biliyan 65 ne ke ratsa wuri kamar faɗin farcenka a kowace daƙiƙa. In ɗaya ta bugi zenon, walƙiyarta takan yi kama da wadda ake jira. A 2024 masu aikin Italiya da na Sin duka suka ba da labarin sun fara ganin alamarta. Su da kansu hazo suke kiran abin.

Ni dai abin da ya burge ni shi ne ba su rantse ba. Mutum ya shekara ashirin yana jira, ya ga walƙiya, ya daure ya ce ba ita ba ce! Yanzu dabarar da wasu ke nema ita ce na'urar da za ta nuna inda ƙwaya ta ɓullo, don ta rana daga wajen rana za ta zo.

A ramin nan na Homestake kuwa Ray Davis ya fara kama niyutirinon rana, har ya sami lambar Nobel a 2002.