Mako Guda a Shafukan Gidajen Abinci

Litinin. Gwaggo na son a yi wa gidan abincinta shafin intanet, ta ce in dubo mata na wasu kafin ta biya mai tsarawa. Na fara da wani babban gida a Abuja. Ina buɗewa bidiyo ya cika fuskar waya, wuta na lasar kasko, nama na hayaƙi. Kyau kam akwai shi. Sai dai ya sha mini data ban ga sunan abinci ko ɗaya ba, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Talata. Wani na Legas, siririn rubutu ruwan toka a kan baƙi. A ɗaki yana karantuwa, da na fito tsakar gida rana ta haɗiye shi. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa amfani da shafukan intanet sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, kuma dattijon da idonsa ya fara rauni shi aka yi wa wannan tanadi. Jerin abincin kuwa PDF ne: ka sauke, ka yi ta ware shi da yatsu biyu. Takardar da aka buga domin tebur ce aka ɗora yadda take. Abin da ya fi damuna, in farashi ya tashi sai an koma wa mai zane, shi ya sa ake barin tsohon kuɗi ya kwana a shafi, a zo biya a yi ta cacar baki da mai kawo abinci.

Laraba. Hoton shinkafa iri ɗaya a shafuka daban-daban, duk daga intanet aka kwaso. Na rufe.

Alhamis. Yau na sami abin da nake nema, a wani ƙaramin gida nan Kano. Farin shafi ne ba ado. A sama an rubuta lokacin buɗewa, har da cewa suna rufewa domin sallar Juma'a. Kwatancen wurin irin namu ne, bayan gidan mai, daura da masallaci, sannan taswira ga mai so. Kowane abinci da kuɗinsa a gefe, wanda ya ƙare an ja masa layi. Hoton masa da miyar taushe da waya aka ɗauka, hasken bai ma yi daidai ba, amma farantinsu ne, kuma na yarda da shi. Maɓallin WhatsApp na ƙasa, daidai inda babban yatsa ke kaiwa. Wanda ya tsara wannan ya taɓa tsayawa gaban mai tuwo da yunwa a cikinsa.

Juma'a. Na leƙa manhajojin odar abinci, Chowdeck da Glovo. Oda a can ba wuya, amma kowane gida kamanninsa ɗaya da na maƙwabcinsa, ga kamasho. Kuma a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food suka daina aiki a Najeriya, gidajen da suka jingina da su kaɗai suka koma neman wata hanya.

Asabar. Na nuna wa Gwaggo shafin Abuja da na Kano. Ta daɗe tana kallon bidiyon, sannan ta ce, "To ɗan nan, ranar da buhun shinkafa ya tashi, wa zai canza mini kuɗin?" Mun tsaya a kan cewa ba za a cika wa mai tsarawa kuɗinsa ba sai ya koya wa autarta gyara farashi daga wayarta.