Benen SONARA da gyaɗar kakana

Yau ba labarin kasuwa na kawo muku ba, wani abu ne da ya daɗe yana ci mini rai.

Shekarun baya aka tura ni Yamai wani ɗan sitaj na aikin rediyo. Ran farko na shiga taksi, sai na ji wata mata ta ce wa direba: "SONARA zan sauka." Gabana ya faɗi. Wannan suna a bakin kakana kaɗai na saba jin shi. Da muka iso tsakiyar gari, ba nisa da gadar Kennedy, direba ya nuna mini bene, dogo, tagogi jere kan jere. Na ce masa, "Malam, mene ne SONARA ɗin?" Ya ce, "Sunan bene ne mana. Biyu ne ma, akwai na ɗaya akwai na biyu." Iyakar saninsa ke nan, kuma ban ga laifinsa ba.

A lise mun haddace manyan kogunan Faransa, amma ban tuna ranar da mushe ya faɗa mana cewa ɓangaren ƙarshe na SONARA "arachide" yake nufi ba, wato gyaɗa, ko gujiya in ji mutanen Maraɗi. Kamfanin gwamnati ne da aka kafa a 1962, zamanin Diori Hamani, aka ba shi shi kaɗai ikon fitar da gyaɗar Nijar zuwa waje. A lokacin gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da ƙasa ke sayarwa waje, kuma yawancinta daga ƙasar Damagaram da Maraɗi take fitowa: Magaria, Matameye, Tessaoua. Gwamnati ke yanke farashin da za a biya manomi, kamfani ya kai waje ya sayar, ribar da ke tsakani ta yi hidimar ƙasa. Da sunan wannan kamfani aka tada benayen nan biyu. Gyaɗar ɓangarenmu kuwa tun zamanin Nasara Kano take bi, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. A Ibadan akwai Cocoa House mai hawa 26, da aka gama a 1965 da kuɗin manoman koko. A Kano buhunan gyaɗa aka riƙa tarawa har suka zama dala.

Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya ce "zamanin SONARA" sai ka ga fuskarsa ta sake. Yakan ce in kaka ta yi, jakuna da raƙuma ne layi guda zuwa wurin sikeli. Da kuɗin gyaɗa ake biyan lanho, a yi wa yaro aure, a sayi turmin zane. Shi da nasa ya sayi keke da akwatin rediyo. Keken ban tarar ba, amma rediyon na tarar, an ɗaure bayansa da roba. A cikinsa na fara jin muryar mutum tana fitowa daga nesa, har na ce ni ma wannan aikin zan yi. To kun ga, ni ma kaina gyaɗa ce ta kawo ni bakin makirho.

Sai fari ya zo a 1973. A Afrilun 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kountché ya hau. A 1975 kuturtar gyaɗa ta bi gonaki ta ƙarasa abin da fari ya rage. A arewa kuma tun 1971 an fara haƙo uraniyom a Arlit, hankalin gwamnati ya koma can. Mutanenmu suka juya ga wake da riɗi, suna kaiwa su Maigatari. Kamfanin ya yi ta ja da baya har ya rufe. Bene dai bai san an rufe ba, yana nan tsaye, ofisoshi ne a ciki, ma'aikata na hawa da sauka.

Ranar da zan baro Yamai na koma na tsaya daga tsallaken titi na ɗauki hoto. Niyyata in nuna wa tsoho, in ce, "Kaka, ga inda guminku ya tsaya." In kuma kunna na'ura in ɗauki muryarsa: nawa ake sayen kilo, wa ke riƙe da sikeli, yaya suka ji shekarar kuturta. Na dawo, aiki ya sha kaina. Yau gobe, yau gobe, har Allah ya yi masa rasuwa. Ni da nake ɗaukar muryar kowa a gari, ba ni da minti ɗaya na muryar kakana. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Ba wai ina cewa a ɗauko bene a kawo Dantchiao ba. Babban birni na kowa ne, ai ƙasa ɗaya ce. Abin da ke damuna, yaron Yamai na wucewa gindin benen kullum bai san gyaɗar wa ta tada shi ba, namu yaran kuma ba su san kakanninsu sun taɓa ɗaukar ƙasar nan a ka ba. Wanda bai san haka ba, ranar da ya je neman hanya ko ruwa ko likita, da murya ƙasa-ƙasa zai yi magana, kamar mai bara.

Waɗanda suka kai gyaɗa sikeli a 1965 yau sun haura saba'in, wasu tamanin, kuma kowace shekara raguwa suke. Don Allah, in akwai irinsu a gidanku, kada ku yi irin tawa. Ku zauna da su bayan isha'i, ku kunna salula. Ku tambayi tsofaffin mata ma, su da suka ɓare ta da hannu, suka matse mai, suka toya ƙuliƙuli. Wanda ya ɗauka ya kawo mini gidan rediyo, in sha Allahu za mu sa a ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.