Tanderun Inna ne ya fitar da ni

'Yan uwa ɗalibai, sati biyu na yi ina haddar taken saminata a kan "holram", wallahi ko a jikina. Na zo gida Karshi, ba wuta, waya saura ƙiris. Da safe Inna na gasa gurasa, sai na lura harshen wuta bai taɓa ta, zafin bangon tanderun ne ke gasawa. Nan kaina ya waye.

Holram ɗan gwangwanin zinariya ne, tsawonsa kamar santimita ɗaya. A cibiyar NIF ta Kalifoniya, leza 192 ke dukan bangonsa, bangon ya fitar da hasken eksire, hasken ya matse ƙwayar haidirojin ta kowane ɓangare daidai. Ran 5 ga Disamba 2022 an zuba megajul 2.05, aka samu 3.15. Matsalar: bango na shan zafi, wani kuma ya tsere ta ƙofofin leza, kamar bakin tanderu.

Malam ya tambaye ni amfanin bangon. Na ce wuta kai tsaye gefe guda take ƙonawa. Ya yi murmushi.

Kafin ku haddace, ku leƙa madafin gidanku.